Mai Tambayar Ruwa

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi, ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni kuwa ban iso ƙauyenmu ba sai da rana ta yi sanyi, da jakar kaya a kafaɗa da wani ƙaramin akwati baƙi da na rungume tun daga tashar Wurno. Jana'iza ce kawai mutane suka ga na rasa. Abin da na rasa ya fi haka, domin akwai maganar da na faɗa masa a gaban jama'a, wadda ya kamata in janye a gaban jama'a yana ji, kuma ban janye ba har ya tafi.

Ƙofar gida a cike na same ta. Mutanen Maikujera sun zo mota guda, na Dinawa a kan babura, ga wasu Fulani daga gefen Goronyo sun tsuguna bakin tabarma, sandunansu jingine da katanga. Wani tsoho daga Maikujera ya kama hannuna ya ƙi saki.

"Kai na ɗan ƙanwatai? Rijiyar garinmu shi yag gina ta, tun ina da haƙora. Haƙora sun tahi, rijiya tana nan."

Ɗaya daga cikin Fulanin ya ce duk rijiyar da Kawu ya gina sai ya bar ɗan kwami a gefe don dabba, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Ina jin daɗin waɗannan maganganu, har wani maƙwabcinmu ya buɗe baki ya ce, "Allah shi jiƙan Mai-halshe." Sai idonsa ya faɗa cikin nawa, ya yi sauri ya kau da kai yana gyaran hula. Baƙi ba su gane komai ba. 'Yan gari kuwa sun san sunan tsokana ne, sun kuma san daga bakin wanda ya samo asali.

Ginin rijiya shi ne sana'ar Kawu tun kafin a haife ni. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya. Goro bai taɓa shiga bakinsa ba. In an ba shi a wurin suna ko ɗaurin aure, sai ya jefa aljihu ya kai wa matarsa, wadda muke kira Inna. Taba kuwa ko warinta ba ya so, yaji ma sai an lallaɓa shi. Yakan ce bakinsa kayan aiki ne, ba ya wasa da shi.

Idan ruwa ya ɓullo a sabuwar rijiya, ba mai kai shi baki sai Kawu ya fara. Zai sa a jawo guga, ya bari ruwan ya kwanta, ya kamfata da tafin hannu ya ce, "Bari in tambaye shi." Sai ya kurɓa, ya rufe ido, ya riƙe a baki har mai kallo ya ƙosa, sannan ya furzar gefe. In ya ce "Lahiya lau," mata su rangaɗa guɗa. In ya ce "Da magana," to akwai kanwa, ko gishiri, ko tsohuwar masai a kusa, kuma an sha cike ramin da aka yi wata guda ana haƙa saboda waɗannan kalmomi biyu. Ba mai yi masa musu a lokacin.

Yana kuma da wani ɓallin madubi da ba ya rabuwa da aljihunsa. In yana son ganin gindin rijiya, sai ya tsaya a baki ya tari rana da shi, ya karkata hannu, haske ya gangara har ƙasa ya zauna kan ruwa. Ina ƙarami na ɗauka sihiri ne. Ban san rayuwata za ta ƙare a aikin tura haske cikin wuri mai duhu ba.

Da aka yi dam a Goronyo, fadamarmu ta daina hutun rani. Albasa, tafarnuwa, shinkafa, ko'ina ƙarar injin ban-ruwa. Samari masu bututu suka zo suna huda ƙasa cikin rabin wuni su fito da ruwa, aikin da Kawu yake yin wata a kansa. Bai yi fushi ba, ya jingine dagi ya kama albasa kamar kowa. Amma albasa ta zo da ƙwari, ƙwari suka zo da maganin feshi. Kowa da tankinsa a baya, in an gama feshi sai a biyo ta rijiyar bakin fadama a wanke tanki a zubar nan gefe. Rijiyar nan Kawu ya gina ta yana saurayi, kuma rabin gari ita yake sha. Kada in ɗora wa wasu kaɗai, ni ma na sha wanke tanki a wurin in na zo hutun makaranta.

Wata rana Kawu ya kurɓi ruwan rijiyar, ya rufe ido, ya furzar, ya ce da magana. Aka tambaye shi wace iri, ya ce bai san sunanta ba, baƙuwa ce, amma warin bayanta irin na tanki ne. Ya roƙi a daina wanki a wurin. Mutane suka ƙi, don ba wani ruwa kusa, kuma ba wanda ya faɗi ya mutu. Sai aka tuna da ni. Lokacin na fara aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a birni, ina da farar riga da takalmi mai ƙara. Aka cika kwalba aka ba ni.

Gwajin da muke da shi a lokacin ƙwayoyin cuta yake nema, da gishiri, da gurɓata irin wadda ake gani. Abin da ba a tambaye shi ba, ba ya amsawa. Na san haka sarai. Amma takardar ta fito da hatimi, ta ce ruwa yana shayuwa, ni kuma ina son a ga na yi karatu. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, na karanta ta da Turanci tukuna, don burga, sannan na fassara.

Kawu ya ce, "Kun tambaye shi maganin hweshi?"

Na ce, "Kawu, dut abin da aka aunawa mun auna."

Ya ce, "Ni dai na ji abin da naj ji."

Da na yi shiru a nan, da yau ba na wannan rubutu. Sai na murmusa na ce, "Kawu, ai halshe ma shina tsuhwa."

Wurin ya ɗauki dariya. Abin da ya fi cina har yau shi ne shi ma ya ɗan taya su, sannan ya laluba takalmansa ya saka, ya tafi gida.

Daga ranar ya zama Mai-halshe. In an kawo kunu majalisa sai wani ya miƙa masa ya ce ya tambaye shi. Ba a sake kiransa ya ɗanɗana ruwan kowa ba a garin. Shi kuma bai sake shan ruwan rijiyar da ya gina da hannunsa ba. Ya sayi jaki, kullum da sassafe ya ɗaura jarka huɗu ya nufi wata rijiya can kan hanyar Dinawa. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Takan ce, "Ruwa ga shi ga hancinmu, kai ko ka maida mu 'yan ƙauyen da ba su da rijiya." Ta taɓa ɗebo na kusa a ɓoye ta zuba a randa, ranar da jaki ya yi ɗingishi. Ya dawo gona ya ɗauki moɗa, ya kurɓa, ya furzar. Ya kinkimi randar ya juye ta gindin lalle, ya wanke, ya ɗauki jarka biyu a hannu ya fita. Inna ta ce tun daga ranar ta bar shi da halinsa.

Ni kuwa bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi duka zafi. In na zo, shi zai zaɓo mini manyan albasa ya ɗaure da kansa. Bayan kamar shekara biyu ya kira ni ɗakinsa, ya jawo adakarsa ta ƙarfe, ita kaɗai ce mai kwaɗo a gidan. A sama likkafaninsa ne, wanda wani alhaji ya kawo masa daga Makka. Ya ɗaga shi, sai ga kwalabe a jere, kowace da zare a wuya.

"Ruwan rijiyar bakin hwadama na," ya ce. "Kowane rani guda, kowace damana guda. Ƙulli ɗaya rani, ƙulli biyu damana. Innarka ba ta sani ba, ta gaji da zancen ruwa. Kai ba ka yi ƙarya ba, injin naku na yaro. Ran da yag girma, ka zo ka tambaye su."

Wuri ne da ya kamata in durƙusa in ce ya yafe mini. Na ce, "To, Kawu," na taya shi rufe adaka.

Waɗannan kwalabe su suka zaɓa mini karatun da na ƙaro. Na shiga aikin wata na'ura da ke gano sinadari komai ƙanƙantarsa a cikin ruwa. Wani zuwa da na yi, na taho da guntun zaren da muke aiki da shi, na same shi gindin darbejiya yana gyaran igiyar jaki. Na ba shi ya riƙe. Na ce gilashi ne aka ja shi ya zama siriri kamar gashi, in ka sa haske a baki ɗaya zai bi cikinsa ya fita ɗaya bakin, ko an lanƙwasa shi. Ya ɗaga wa rana, ya ga ɗigon haske a ƙarshen da ke cikin tafinsa, ya yi dariya har da buga cinya.

"Ashe madubina na kunka sa ma igiya!"

Na ce kusan haka ne. Na gaya masa a bakin zaren muna manna ɓurɓushin zinariya, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani ko da gilashin likita. In aka tsoma bakin cikin ruwa, ƙwayoyin sinadarin da ke yawo a ciki sukan zauna kan zinariyar. Haske ya gangaro ya same su, zinariyar ta ƙara masa ƙarfi, ya koma sama da alamarsu. Kowane sinadari da irin alamarsa, sai kwamfuta ta zana ta a layi mai tudu da kwari, mu karanta.

Ya juya zaren a hannunsa. Ya ce, "Wato halshe kunka ƙera mishi."

Na ce haka ne.

"Mi yas sa sai zinariya? Ba ku da tagulla?"

Na ce zinariya ta fi jituwa da haske, kuma ba ta tsatsa.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kun yi dabara. Don kar shi tsuhwa."

Ba da ɗaci ya faɗa ba, idonsa ma yana kan zaren. Shi ke nan sau ɗaya da ya taɓa wurin ciwon a duk shekarun nan, kuma nan ma na bari ta wuce ina kame-kamen bayani.

Daga nan duk wayar da muka yi, bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ya ce, "Injin ya girma?" Ni kuma in ce saura kaɗan. Da fari gaskiya ne. Zinariya ta ƙi zama, ko ta zauna ta yi yawa, ko layin ya riƙa rawa ba dalili. Amma daga baya na'urar ta kammala. Mun gwada ta da ruwan da muka ɗiga wa magani da kanmu, ta gano shi. Ta shiga akwatin da za a iya ɗauka a mota. Ta yi watanni a ƙarƙashin teburina, ina ce wa Kawu saura kaɗan.

Tsoro ne, ba wani abu ba. In na tsoma zaren layin bai motsa ba, na kunyata tsoho sau biyu. In ya motsa, ni ne zan tsaya a ƙofar masallaci in ce na yi wauta da takarda mai hatimi. Ko wanne na hango sai in ga mako mai zuwa ya fi dacewa. Wayarmu ta ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa, na ɗauka mura ce. Ya ce, "Ka kawo shi ko rarrahe shikai, mu gaisa." Na ce in sha Allahu bayan an cire albasa.

Washegarin isowata, da safe, na shiga wurin Inna. Tana zaune kan tabarma cikin takaba, ta rame. Bayan na yi mata ta'aziyya, na tambaye ta kwalaben da ke cikin adakar Kawu.

Fuskarta ta ɗan washe. Ta ce, "Zamzam ɗin ga? Kai, Kawunka da zurhin ciki! Ashe tarawa shikai shekara da shekaru. Da anka buɗe adaka ɗaukar likkahwani anka ishe su. Liman yac ce tunda tare yah haɗa su, guzurinai na. Da shi anka kwaɓa ƙasar kushewa, sauran anka yayyahwa bisa. Ko ɗigo ba a bari ba."

Wa zai ga laifinsu? Ruwa a kwalba, a ƙarƙashin likkafanin Makka, cikin adakar tsoho mai salla, kowa a garin nan abin da zai ɗauka ke nan. A matsayina na mai wannan aiki, na san mai yiwuwa tsofaffin kwalaben ba su nuna komai ba, don magani yakan lalace in ya daɗe. Amma ya tara su ne domina, rani da damina, yana ƙulla zare, yana jiran in zo.

Na gaya wa Inna gaskiyar ruwan. Ta ja gefen mayafi ta goge ido, ta ce, "To. Shi yag gina rijiyar, ta ko raka shi."

Rijiyar kanta ce kaɗai ta rage. Ranar addu'ar bakwai, bayan la'asar, na roƙi Liman ya tsayar da mutane, muka ɗunguma bakin fadama. Wasu daga waɗanda suka yi dariya wancan lokaci sun riga Kawu tafiya, amma da yawa suna nan, har da maƙwabcin nan namu. Ga tankuna biyu a kife gefen rijiya, ƙasa jiƙe. Na buɗe akwatin a kan tabarma. Na fara da ruwan rijiyar hanyar Dinawa, wanda jakin Kawu ya kawo na ƙarshe, layin ya kwanta shiru. Na sa sabon zare, aka jawo guga, na tsoma. Muka jira. Sai layin ya tashi, ya yi tudu a daidai inda alamar maganin feshi take. Na canza zare na sake, na kuma sakewa, bai canza magana ba.

Liman ya sunkuya yana kallon allon na'urar, ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya ce da magana."

Na gaya musu maganin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, ba irin wanda zai ka da mutum yau ko gobe ba, amma ba abin da za a yi ta sha shekara da shekaru ba ne, kuma za a kai ruwan babban gwaji a tabbatar. Liman ya tambaya ko na'urar za ta iya faɗin yadda ruwan yake wancan lokaci. Na ce ba ta san jiya ba, yau kaɗai ta sani. Sannan na miƙe tsaye na faɗi abin da na zo faɗa. Na ce takardar da na karanta musu ba ta nemi maganin feshi ba, kuma na san haka ranar da na karanta ta. Na ce Kawu ya tambaye ni tambayar da ta dace, na ba shi amsar rashin kunya. Na ce ni na sa suka yi masa dariya, kuma ina roƙon duk wanda ya ji waccan maganar ya ji wannan, ya kai wa wanda ba ya nan.

Maƙwabcinmu ya tashi, ya ɗauki tankunan nan biyu, ashe ɗaya nasa ne, ya yi nesa da su. Liman ya ce daga yau ba wanki a wurin, a rufe rijiyar har sakamako ya dawo. Ya juyo gare ni ya ce, "Mu mun ji. Wanda kaka so shi ji kuwa, sai ka bi shi da addu'a." Aka shafa fatiha aka watse.

Na tsaya ni kaɗai ina naɗe waya. Sauran ruwa yana cikin guga, ya kwanta. Ban san abin da ya ja ni ba, na kamfata da tafin hannu, na ce bari in tambaye shi, na kurɓa na rufe ido. Na riƙe shi a baki iya yadda zan iya, ina nema ta gefen harshe, ta ganda, ta maƙogwaro. Ruwa ne mai sanyi, mai daɗi. Ban ji komai ba. Na furzar, na zauna bakin rijiyar na yi kukan da ban yi ba tun da na iso.

Kawu, injin ya girma, na kawo shi, ban same ka ba. Ina kewarka, ina kewar wayar nan taka da tambayarta guda. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya maƙoshin mutane da dabbobi daga Wurno har Rabah, ya sa ka yafe mini ranar da za mu haɗu. Allah ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Na san ko can in an miƙo maka, sai ka rufe ido ka riƙe shi a baki tukuna, kafin ka ce lahiya lau.